Gida a Matsayin Ƙagaggen Labari: Tarken Tarihi da Tsarin Ginin Abbotsford na Walter Scott

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabi sun saba da yin tarken waƙa ko wasan kwaikwayo ko ƙagaggen labari ta hanyar duba jigo da zubi da tsari da kuma salo. Ba kasafai ake ɗaukar gini a ɗora shi a kan wannan ma'auni ba, domin ana ganin gini aikin magina ne, rubutu kuwa aikin ma'abota alƙalami. To amma akwai wasu gidaje 'yan ƙalilan a duniya waɗanda marubuta suka tsara da kansu, suka zuba musu irin tunanin da suke zubawa a littattafansu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Abbotsford, gidan ƙauye na marubucin nan na ƙasar Sikotland, Walter Scott (1771-1832), wanda yake gaɓar kogin Tweed, kusa da garin Melrose, kudu da birnin Edinbara. Hukuma ta sanya gidan a rukunin A, wato rukuni mafi daraja cikin jerin gine-ginen da dokar Sikotland ta kare.

Tun a ƙarni na 19 ake zargin wannan gida da cewa jabu ne, sabon gini da ya ari rigar tsufa ya yafa. Wannan maƙala za ta bi tarihin gidan, ta dubi zubinsa da tsarinsa, sannan ta auna wannan zargi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, Scott ya gina Abbotsford ne da dabarar da ya rubuta labaransa na tarihi, kuma aibin gidan na haƙiƙa yana wani wuri dabam da inda masu suka suka daɗe suna nunawa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Gidan

Scott lauya ne ɗan lauya, haifaffen Edinbara. A 1799 aka naɗa shi alƙalin gundumar Selkirk, wato gundumar da aka haifi Mungo Park, abokinsa, wanda ya halaka a kogin Kwara wajen Busa a 1806. Aikin alƙalanci ya wajabta wa Scott zama a wannan yanki na kan iyakar Sikotland da Ingila a wani ɓangare na kowace shekara, ya kuwa yi shekaru yana zaman haya. A 1811 ya sayi wata gona mai faɗin eka 110 a kan fam 4,200. Sunanta Cartley Hole, amma mutanen wurin suna yi mata laƙabi da Clarty Hole, ma'ana kududdufi mai caɓi. Rabin kuɗin ya ranta daga ɗan'uwansa, ragowar kuma ya karɓa a kan wata doguwar waƙa mai suna Rokeby wadda a lokacin bai rubuta ta ba. Wannan shi ne tsarin da ya bi har ƙarshen rayuwarsa: a ci kuɗin littafi tun yana cikin kai, a zuba su a ƙasa da dutse.

Abu na farko da ya yi wa gonar shi ne sauya mata suna. Ƙasar ta taɓa zama mallakar gidan zuhudu na Melrose, wanda Sarki Dauda na I ya kafa a 1136, kuma akwai wani mashigi a kogin kusa da wurin. Sai ya raɗa mata Abbotsford, wato mashigin shugaban masu zuhudu. Da wannan suna kaɗai, gonar da ba ta da wani tarihin a zo a gani ta sami dangantaka da abin da ya kusa shekara 700.

Iyalin sun tare a ƙaramin gidan gonar a 1812. Bayan fitowar Waverley a 1814 da sauran labaran da suka biyo baya, kuɗi suka riƙa shigowa, Scott ya dinga sayen gonakin maƙwabta har ƙasarsa ta kai kimanin eka 1,400, ya dasa itatuwa masu ɗimbin yawa. An yi ginin a mataki biyu. Daga 1817 zuwa 1819 aka ƙara sabon sashe a jikin tsohon gidan, mai ɗauke da ɗakin cin abinci da ɗakin makamai. Daga 1822 zuwa 1824 aka rushe tsohon gidan gonar, aka gina babban zaure da ɗakin littattafai da ɗakin baƙi da ɗakin rubutu a gurbinsa. Mai zanen gini William Atkinson shi ya ja ragamar aikin, tare da shawarwarin Edward Blore da wasu abokan Scott irin su ɗan wasan kwaikwayo Daniel Terry, amma wasiƙun Scott sun nuna cewa babu wani lungu da bai sa baki a kansa ba.

Bai daɗe yana cin moriyar gidan ba. A watan Janairun 1826 kamfanin Constable mai wallafa littattafansa ya karye, ya ja maɗaba'ar Ballantyne wadda Scott yake da hannun jari a cikinta a ɓoye. Bashin da ya hau kansa ya haura fam 100,000. Gidan ya tsira ne saboda tun a 1825 an riga an rubuta shi da sunan babban ɗansa a yarjejeniyar aurensa. Scott ya ƙi a ayyana shi a matsayin wanda ya karye, ya ɗauki alƙawarin biyan bashin da alƙalaminsa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 1830 masu bin bashi suka bar masa littattafansa da kayan tarihinsa kyauta, saboda ganin irin ƙoƙarin da ya yi. Ya rasu ranar 21 ga Satumba, 1832, a ɗakin cin abinci, inda aka kafa masa gado don ya riƙa hangen kogi. Ba a gama biyan bashin ba sai a 1847, ta hanyar sayar da haƙƙin mallakar littattafansa ga Robert Cadell.

3.0 Zubi da Tsarin Ginin

Manyan gidajen ƙauye na Birtaniya a ƙarni na 18 galibi sun bi salon Girka da Rum: ƙofa a tsakiya, tagogi daidai wa daida a dama da hagu, ginshiƙai a gaba. Abbotsford ya kauce wa wannan. Fuskarsa ba ta da daidaito, wani sashe ya yi gaba wani ya yi baya, ga ƙananan hasumiyoyi a kusurwoyi, ga kawunan bango masu hawa-hawa kamar matakala, ga bututun hayaƙi dogaye. An aro waɗannan siffofi ne daga tsofaffin gidajen sarakunan yaƙi na Sikotland na ƙarni na 16 da na 17. Ƙofar shiga an kwaikwayo ta daga fadar Linlithgow, bangon da ya raba farfajiya da lambu kuma an yi masa bakuna irin na Melrose.

Akwai abubuwa iri uku a jikin gidan, kuma rarrabe su shi ne mabuɗin fahimtarsa.

Na farko, tsofaffin abubuwa na ainihi da aka ciro daga wasu wurare. Lokacin da aka rushe tsohon kurkukun Edinbara, Tolbooth, a 1817, Scott ya karɓi ƙofarsa da makullansa, aka liƙa ƙofar a can saman bango inda babu mai shiga ta cikinta. Katakon da aka lulluɓe bangon zaure da shi an samo wani sashensa daga tsohuwar majami'ar Dunfermline. A bangon lambu akwai sassaƙaƙƙun duwatsu na zamanin Rumawa. A ciki kuwa akwai bindigar Rob Roy da takobin Montrose da sulkunan sojojin Faransa daga filin yaƙin Watalu, wanda Scott ya ziyarta a 1815, 'yan makonni bayan yaƙin.

Na biyu, kwaikwayo. Adon rufin ɗakin littattafai an ɗauko shi daga majami'ar Rosslyn, amma filasta ce aka zuba, mai fenti David Ramsay Hay ya shafe ta har ta yi kama da katako. An je Melrose an ɗauki siffar sassaƙe-sassaƙen dutse da filasta, aka maimaita su a ɗakunan gidan.

Na uku, kayan zamani. Abbotsford yana cikin gidajen farko a Sikotland da aka haskaka da iskar gas, wadda ake sarrafawa a harabar gidan, Scott kuwa ya shugabanci wani kamfanin gas a Edinbara. Ƙararrawar kiran barori da matsin iska take aiki. Ɗakin baƙi an manna masa takardar bango ta ƙasar Sin wadda aka zana da hannu, wadda wani ɗan'uwansa mai aiki da Kamfanin Gabashin Indiya ya samo masa. Tagogin manya ne, an yi su don haske da kallon kogi, saɓanin ƴan tsagogin da ake yi wa gidan yaƙi na gaskiya.

4.0 Zargin Jabu

John Ruskin ya ga gidan a 1838 ya bayyana shi da tarin abubuwan da ba su dace da juna ba. A wannan shekara Thomas Carlyle ya soki Scott da cewa ya mayar da rubutu sana'ar tara kuɗin sayen gonaki da kayan ɗaki. Mark Twain, a littafinsa na 1883 a kan kogin Misisifi, ya ɗora wa Scott alhakin fādojin bogi da aka gina a kudancin Amurka, har ya ba da misali da ginin majalisar jihar Luwiziyana. Jigon sukar duka ɗaya ne: hasumiyar da ba ta tsaron kowa, ƙofar da ba ta buɗewa, filastar da take da'awar ita katako ce.

Wannan zargi yana da rauni ta fuska biyu. Da farko, jabu shi ne abin da aka yi don a yaudari wani. Scott bai taɓa ɓoye shekarun gidansa ba. Baƙinsa sun ga magina suna aiki, shi da kansa yakan yi wa gidan ba'a a wasiƙunsa, yana kwatanta shi da almara ko wasa ƙwaƙwalwa. A ƙarshen rayuwarsa ya fara rubuta jagorar gidan, Reliquiae Trotcosienses, wadda ba a buga cikakkiyarta ba sai a 2004, ya kuwa sanya ta a bakin Jonathan Oldbuck, tsohon nan mai haukar tara kayan da na labarinsa The Antiquary (1816), wanda aka yi wa dariya saboda ya ɗauki wani rami na kwanan nan a matsayin sansanin Rumawa. Mutumin da ya yi haka ya san abin da yake yi. Akwai wata shaida a rufin zaure, inda aka jera tamburan kakanninsa. Da ya zo kan waɗanda bai iya gano su ba, sai ya sa aka zana gajimare a gurbinsu, alhali babu abin da zai hana shi ƙirƙiro musu tambari.

Na biyu, ma'aunin da ya kamata a auna gidan da shi yana cikin littattafan mai gidan. Scott ya fara ne da tattara waƙoƙin baka na kan iyaka, waɗanda ya buga a 1802-1803, yana haɗa baitoci daga bakin mawaƙa dabam-dabam, yana cike giɓi inda ya ga dama. Labaransa ma haka suke: a ɗauki aukuwa ta gaskiya, kamar tawayen 1745 a Waverley ko tarzomar Porteous ta 1736 a The Heart of Midlothian (1818), a kewaye ta da mutanen da aka ƙaga bisa kamannin na da, sannan a miƙa ragamar labari ga mai ba da labari na zamani wanda yake magana da daidaitaccen Ingilishi, yana kallon baya daga wurin da ƙura ta lafa. Abubuwa ukun nan su ne aka gani a sashe na 3.0. Ƙofar kurkuku ita ce aukuwa ta gaskiya, kuma ba banza ba kurkukun nan shi ne wanda labarin 1818 ya ɗauki sunansa. Filastar Rosslyn ita ce ƙagaggun mutane. Fitilar gas ita ce mai ba da labari, wadda take haska kayan yaƙin da aka daina yi don mutum ya kalle su cikin kwanciyar hankali. Duk wanda ya karɓi wannan dabara a takarda, yana da wuya ya sami hujjar ƙin ta a dutse.

Haka nan ba daidai ba ne a ce Scott ya washe tsofaffin gine-gine don ya ƙawata nasa. Ba shi ya rushe Tolbooth ba, kuma da bai karɓi ƙofar ba, da wuya ta kai yau. A 1822 shi ya tsaya a kan gyaran kangon Melrose da kuɗin mai ƙasar, Duke na Buccleuch. Dokar farko ta kare kayan tarihi a Birtaniya ba ta zo ba sai a 1882, shekara 50 bayan rasuwarsa, kuma sha'awar da rubuce-rubucensa suka cusa wa jama'a tana cikin abubuwan da suka share mata fage.

5.0 Inda Gidan Ya Gaza

Idan an yarda gidan labari ne, to sai a tambaya ko ya kai darajar sauran labaran mai shi. Amsar ita ce bai kai ba, kuma dalilin ya shafi harshe.

Ƙarfin labaran Scott na Sikotland yana bakin talakawa. Jaruman da suka fito daga manyan gidaje, irin su Edward Waverley, mutane ne masu sanyi da rashin alƙibla, kamar yadda Georg Lukács ya lura a nazarinsa na 1937 a kan labaran tarihi. Waɗanda mai karatu ba ya mantawa su ne Jeanie Deans, 'yar mai kiwon shanu wadda ta taka daga Edinbara ta nufi Landan don nema wa ƙanwarta afuwa, da Edie Ochiltree almajiri mai yawon bara, da Meg Merrilies wadda ta la'anci mai ƙasar da ya kori mutanenta daga bukkokinsu. Dukkansu da harshen Sikot suke magana, harshen da masu ilimi na Edinbara a wancan zamani suke ƙoƙarin kankarewa daga bakinsu. Labaran suna da murya biyu, ta fada da ta kasuwa, kuma daga gogayyarsu ma'ana take fitowa.

Abbotsford murya ɗaya gare shi. A kewayen zaure an jera tamburan manyan gidajen kan iyaka, irin su Douglas da Kerr da Scott. Bango cike yake da takubba da sulke da bindigogi. Ɗakin girki da wuraren aikin barori suna ƙasa, inda baƙo ba ya gani. Babu wani abu a siffar ginin da ya aro daga bukkar manomi ko ɗakin masaƙi, ko da yake garin Galashiels mai masaƙun ulu yana tsallaken kogi. A shekarun da ake sayen gonakin Abbotsford ana gina shi, ana ta korar manoma daga ƙasashensu a tsaunukan arewacin Sikotland don a sami wurin kiwon tumaki, kamar yadda aka yi a Strathnaver a 1814. An rataye makaman mutanen tsauni a matsayin ado daidai lokacin da ake ƙona rufin jikokinsu. A labari, Scott ya bar Meg Merrilies ta faɗi wannan magana. A gini babu wanda aka ba damar faɗar ta.

Wannan bai nuna cewa Scott mugun ubangida ne ba. An san irin amincin da ke tsakaninsa da Tom Purdie, wanda aka fara kawowa gabansa da laifin farauta a ƙasar wani, ya ƙare a matsayin mai kula da dazuzzukansa. Abin da ake nufi shi ne, gidan ya bayyana burin Scott na zama mai ƙasa kuma tushen zuriya, ya bar basirarsa ta sauraron mutane a waje. Scott ɗan ra'ayin riƙau ne, har jama'a suka yi masa ihu a Jedburgh a 1831 saboda adawarsa da gyaran dokar zaɓe. Marubucin ya fi ɗan siyasar faɗin zuciya, gidan kuwa na ɗan siyasar ne. Wannan gefe ne kuma aka fi kwaikwaya. Salon da Abbotsford ya farfaɗo da shi ya bazu a gidajen attajirai da otal-otal da kotuna, har zuwa fadar Balmoral da aka gina wa Sarauniya Biktoriya a tsakanin 1853 da 1856, inda hasumiya ta zama alamar mulki kawai, ba tare da ba'ar da Scott yake yi wa kansa ba.

Ɗaki ɗaya ne ya kuɓuta daga wannan hukunci, shi ne ɗakin littattafai. A cikin littattafai sama da 7,000 da ke jere yadda ya bar su, akwai ƙananan ƙasidun kwabo-kwabo da 'yan koli suke yawo da su ƙauye-ƙauye, waɗanda ya fara tarawa tun yana yaro, da waƙoƙin baka, da bayanan shari'o'in waɗanda aka zarga da maita. A nan ne kaɗai talaka yake magana a Abbotsford, kuma daga nan ne labaran suka sha ruwa.

6.0 Matsalar Kariya

An buɗe gidan ga masu ziyara a 1833. Ɗan Scott ya rasu a 1847 ba tare da magaji ba, gidan ya bi ta wajen 'yarsa, ya faɗa hannun jikarsa Charlotte da mijinta James Hope-Scott, waɗanda suka ƙara sabon sashe a shekarun 1850 don iyali su zauna, a bar ɗakunan Scott yadda suke. Zuriyar ta ci gaba da zama a gidan har rasuwar Jean Maxwell-Scott a 2004. Daga nan aka kafa hukumar amintattu, aka yi gagarumin gyara, Sarauniya Elizabet ta II ta sake buɗe shi a watan Yulin 2013. Littattafan kuwa suna ƙarƙashin amanar ƙungiyar lauyoyin Sikotland, wadda Scott ɗanta ne.

Akwai abin lura a nan. Dokar da ta kare gidan tana kare filastar da take kwaikwayon katako kamar yadda take kare ƙofar kurkuku, domin bayan shekara 200 kwaikwayon ma ya zama kayan tarihi, shaida ce ta yadda mutanen 1820 suka hango magabatansu. Wannan daidai ne. Haɗarin da ke akwai shi ne mai ziyara ya fito da zaton cewa ya ga Sikotland ta da, alhali abin da ya gani shi ne zaɓin mutum ɗaya daga cikinta. Doka tana iya hana a taɓa bango, amma ba ta da ikon faɗa wa mai kallo abin da bangon ya yi shiru a kansa. Wannan aiki ne na masu tarke da masu yi wa baƙi jagora.

7.0 Kammalawa

An ga yadda wata gona mai caɓi ta zama Abbotsford cikin shekara 13, da kuɗin littattafan da sau da yawa aka ci kafin a rubuta. An nuna cewa ginin ya haɗa tsohon abu da kwaikwayo da kayan zamani bisa tsarin da Scott ya bi a labaransa, saboda haka zargin jabu bai zauna ba. An kuma nuna cewa gazawarsa ita ce rashin muryar talakawa, wadda ita ce ginshiƙin waɗancan labarai. Wanda yake son fahimtar gidan, ya kamata ya fara da ɗakin littattafai kafin ya shiga ɗakin makamai, kuma ya karanta labarin Jeanie Deans kafin ya ɗaga kai ya dubi ƙofar kurkukun da aka tsare ƙanwarta a cikinsa.